Keken Kakana Da Hanyar Auduga

Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, ku yi haƙuri ku ba ni aron kunnuwanku, domin keke za mu hau. Na san wata har ta riƙe baki ta ce, anya marubuciyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Kwantar da hankalinki uwargida, ba feda za ki taka ba, goyo za a yi mana a kan kariya kamar yadda aka yi mana muna yara.

Abin da ya jawo maganar, wani ƙanina ne ya zo gaishe ni, muna cikin hira sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi inda ake rayuwa." Ina dubawa sai na ga Turawa, wasu ma tsofaffi tukuf, mata da miji, kowa da kekensa suna bin bakin wani kogi da ake kira Luwar a ƙasar Faransa. Ashe hanya ce aka shata wa masu keke, tsawonta ya kai kilomita 900, tana ratsa garuruwan bakin kogin ɗaya bayan ɗaya. Su tsaya a kasuwa su sayi burodi da cuku, su shiga tsofaffin gidajen sarakunansu su sha kallo, irin su gidan Shambor wanda aka fara gininsa tun 1519, in dare ya yi su kama masauki, gari na wayewa su ƙara gaba. Kuma kuɗi suke kashewa a kan wannan wahalar, har daga wasu ƙasashe ake zuwa. Na mayar masa da wayarsa na ce, "Kai yaro ne. Je ka zauren gidanmu ka ɗaga kanka sama."

A zauren gidanmu na Funtua akwai wani baƙin keke ƙirar Raleigh da aka rataye a jikin azara tun ina 'yar firamare. Na kakanmu ne na wajen uba, Allah Ya jiƙansa. Sirdin ya tsage, tayoyin sun bushe, ƙararrawar ce kawai in ka taɓa ta har yau takan amsa. Wannan keken ya san Maska, ya san Bakori da Danja da Ƙafur da Malumfashi, ya san kasuwanninsu da zaurukan hakimansu. Bambancinsa da na Turawan can, su nishaɗi ya fito da su, shi kuwa neman abin sakawa a bakin salati. Kuma duk wanda zai ba da tarihin keke a ƙasarmu, to dole ya fara daga auduga, domin ita ta saye shi.

Bari mu koma baya tukuna, tun kafin a san wani abu wai shi keke. Yau in aka ce kudancin Katsina kowa Funtua yake kawowa a ransa, amma a da Funtua ba kowa ba ce. Maska ce uwa, shi ya sa har gobe hakimin Funtua sarautarsa Sarkin Maska. Maska da Gozaki, ta can ƙasar Ƙafur, tsofaffin birane ne masu ganuwa, suna nan tun kafin jihadin Shehu na 1804. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin ƙasar Katsina da ya fito a 1981. Ƙasa ce mai laka, ga ruwan sama ya fi na arewa, don haka auduga da baba suka samu wurin zama. Inda auduga da baba suka haɗu kuwa, sai masaƙa da marina da mabuga su biyo baya, su kuma fatake su biyo su da jakuna.

To a nan nake so ki buɗe kunne da kyau 'yar'uwa, domin nan ne namu yake. Namiji ya noma auduga, namiji ya saƙa, namiji ya rina a karofi, amma tsakanin gona da masaƙa hannun mace ne kaɗai. Ita za ta zauna da dutse da ɗan ƙarfenta ta gurje audugar ta fitar da angurya, ta ɗauko baka ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa, sannan ta ɗauki mazari ta dangwali alli ta shiga kaɗi. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa shi ake sa wa kuɗi. Na tarar da kakarmu tana yi, a lokacin ba don kuɗi ba, hannun ne ya saba, in ba ta murza mazari ba sai ta ce jikinta ciwo yake. Ita ta faɗa mini cewa a zamanin uwayensu da kuɗin zare mace ke tara wa 'yarta tasoshi da kwanuka, da shi take yin biki, da shi take sayen 'yar akuyarta. Ba ta taka ƙofar gida ba, amma zarenta ya zama riga a jikin wani attajiri a garin da ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Duk rigar da aka yi taƙama da ita a wancan zamani, sai da wata baiwar Allah ta yi watanni tana murza ta a cinya.

Sai Bature ya zo. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta don neman auduga a ƙasashen da suka mallaka, sunanta a taƙaice BCGA, mu kuma bakinmu ya mayar da shi Bisije, ga unguwar nan a Funtua har yau da sunan. A 1903 Turawa suka shiga Katsina. Suka kawo sabon iri mai dogon gashi, suka kafa injin gurza a Zariya, daga baya a Funtua da Malumfashi. Aka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya wuce Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Shi ke nan fa, gari ya koma bakin tasha. Yarbawa da Inyamurai da Nufawa da Hausawan wasu garuruwa suka yi ta sauka, kamfanoni suka buɗe kanti, hanyar Zariya da ta Sakkwato da ta Katsina da ta Birnin Gwari duk suka haɗu a wuri ɗaya. Sarauta ma ta taso daga Maska ta dawo Funtua, aka bar tsohuwa da ganuwarta da ramukan karofi.

Abin da ba a cika faɗa ba, wannan injin na Bisije abincin mata ya fara ci. Audugar da a da za ta shigo cikin gida a gurje a kaɗa, yanzu daga gona sai fuloti, a auna a biya maigida, a ɗaure ta dila-dila a loda a jirgi. Ta je Ingila ta dawo mana a matsayin akoko da atamfa, mu saya da kuɗi. Ba dare ɗaya kaɗi ya mutu ba, ya daɗe yana jan ƙafa, domin masaƙan gida sun yi ta gasa da Bature wajen sayen auduga, amma a hankali kuɗin ya sauya hannu. Ya bar ƙasan tabarmar uwargida ya koma aljihun maigida. Shi kuma da ya ji nauyin aljihu, me ya fara saya? Keke.

Shi kansa keken ba wani tsohon abu ba ne a duniya. A birnin Faris aka fara sa masa feda wajen shekarun 1860, tayar iska kuwa sai a 1888 wani mai suna Dunlop ya fito da ita. Raleigh a garin Notingam na Ingila ake ƙera shi, daga baya har masana'antarsa aka kafa a Kano. Akwai Hercules, akwai Humber, can baya kuma Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha. Amma a wurin mutanenmu Raleigh shi ne sarki. In kaka ta yi aka sayar da auduga, saurayi abu uku ke ransa, keke da rediyo da aure, kuma sau da yawa keken ne ke jawo auren. A naɗe masa jiki da leda mai launi don kada fenti ya ƙuje, a sa madubi biyu, a ɗaura fitila, a goge shi da tsumma safe da yamma. Har lasin ake yanka masa a wurin En'e. Wanda bai da hali kuma ga masu keken haya a bakin kasuwa, ya biya na awa ɗaya ya je zance ya dawo yana haki kada lokaci ya wuce.

Kakanmu ƙoli yake yi. Allura da zare, madubi, kwalli, turare ɗan goma, sabulu, ɗankunne, ashana, duk a cikin wani akwatin katako da yake ɗaurewa a kariya da tsohuwar roba. Kasuwannin ƙasar nan kowace da ranarta, don haka mako nasa a kan sirdi yake ƙarewa. Ya yi asubanci ya nufi Bakori, wadda ba ta da nisa da Funtua, garin Makaman Katsina, kasuwar hatsi ta gaske, inda marigayi Mamman Shata ya yi zama kafin ya dawo Funtua. Wata rana ya karkata Danja ƙasar rake da tumatir, ya dawo da mazarƙwaila a ƙunshe cikin ganye. Wata rana Dandume. In tafiyar Malumfashi ce, wajen mil 30, to sai ya kwana. Babanmu ya ce tun daga nesa yake gane dawowarsa, domin yana da yadda yake kaɗa ƙararrawa sau uku in ya shawo kwanar gida.

Mu ma fa muna da koguna, kada ƙanina ya ji. Kogin Sakkwato da ake ji, wanda ya ratsa Gusau, aka datse shi a Bakolori, ya haɗu da Rima ya wuce Argungu inda ake bikin kamun kifi, har ya faɗa Kwara, to a nan kusa da Funtua ya faro. Ɗan rafi ne a wurinmu wanda yaro zai tsallake da rani. Amma da damina, kafin a yi gadoji, waɗannan 'yan rafuka su ne abokan gabar mai keke. Kakanmu yakan tuɓe riga ya naɗe wando, ya fara ƙetarar da akwatin a ka, ya dawo ya saɓa keken a kafaɗa. Yakan ce rabin shekara shi ke hawan keke, rabin shekara keke ke hawansa.

Kada ki ce to mu ina ruwanmu, tunda ba mu hau ba. Wallahi da ruwanmu. Wannan akwatin na kariya rabinsa saƙon mata ne. Wannan ta ba da ƙuli-ƙuli a kai wa 'yarta da ke aure a Bakori, waccan ta ba da daddawa a sayar mata a Malumfashi a sayo mata kwano, wata ta ba da hular da ta ɗinka. Haihuwa, rasuwa, ranar biki, yaji, biko, duk a bakin mai keke ake ji. Mace mai naƙuda da abin ya zo da gardama, keke ake tura wa ya ɗauko ungozoma. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a nan Funtua a 2013, ta yi ta yi mana faɗa a waƙa a kan mu kama sana'a, to matan da take yi wa kiɗan ƙwarya suna cikin kulle, amma hajarsu tana yawo gari-gari a bayan keken wani. Kakarmu ta ce ita ce ma ta cika wa kakanmu kuɗin keken da ribar man gyaɗa, kuma har ya koma ga Allah in sun yi 'yar hayaniya sai ta ce masa ya tuna tayar baya tata ce.

A Malumfashi gidan wani abokin cinikinsa yake sauka, kusa da gidan Galadima, domin hakimin Malumfashi shi ne Galadiman Katsina, ɗaya daga manyan 'yan majalisar Sarki. Na baya-bayan nan da duniya ta sani shi ne Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya daga 1978 zuwa 1992, ya rasu a 2019. Babanmu ya taɓa raka shi yana yaro, ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne sanyin zaurukan garin. Ka shigo daga rana tana dukan ƙeya, ka sa ƙafa a zaure sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa.

Waɗannan gidaje na ƙasa su ne namu gidajen tarihin, kuma aikin da ke cikinsu ba wasa ba ne. A kwaɓa jar ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya, a jera shi, a kawo azara ta giginya wadda gara ba ta ci, a lanƙwasa baka a ɗaure rufi ba ƙarfe ba siminti, a fitar da zankwaye a saman soro, a zana dagi a fuskar ƙofa. Bango a shafe shi da makuba. Rufin kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato ragowar da ake kwasowa daga ramin marina, da gashin jima da dafara. Kin ga ashe marinar da ta rina zaren kakanninmu ita ce kuma ta hana ɗakinsu yoyo. Da marina ta mutu katsi ya yi wuya, da magina suka tsufa 'ya'yansu suka koma bulo. Gidan ƙasa kuwa kamar jariri yake, duk shekara yana son yaɓe, in aka yi damina uku ba a kula shi ba sai ya durƙusa. Yanzu wanda ya samu kuɗi abin da yake fara yi shi ne ya rushe soron ubansa ya kafa kwano, sannan ya zo yana kukan zafi yana jiran a kawo wuta. Ni ma ba na cire kaina, ɗakin bulo nake kwana, kuma da aka rushe zauren kakarmu ta wajen uwa ina cikin masu murna. Sai yanzu nake cizon yatsa, ko hotonsa babu.

Shekarun 1970 su ne ganiyar abin, su ne kuma farkon gangara. A 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, tsofaffin masu keke suka yi ta karo da juna kafin su saba. A 1973 naira ta maye fam da sule. A 1974 aka yi Udoji, ma'aikata suka samu kuɗi a dunƙule, babur ya cika gari, mai keke ya fara zama abin tausayi. A 1975 aka fara babban aikin gona na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Aka fasa hanyoyin ƙauye, aka kawo takin zamani da sabon irin masara. Masara ta karɓu ƙwarai, har ta fara ture auduga daga gonaki. Sannan a 1986 gwamnati ta rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa tabbacin farashi da na iri. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe a 1957 tana shan audugarmu, ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta. Ko da aka ba mu jihar Katsina a 1987, fuloti ya riga ya fara zama filin ƙwallon yara. Ni da na taso a bayan wannan, abin da na sani na keken kakanmu shi ne ranar sallah, a ɗora ni a kariya a ce in buɗe ƙafa kada waya ta kama ni, mu je gaida dangi.

Ƙanina da na gama ba shi wannan labari sai ya ce, "To Yaya, me zai hana mu ma mu shata irin hanyar nan, daga Maska zuwa Malumfashi, baƙi su zo su kashe kuɗi?" Na yi shiru, domin ni da shi duk mun san amsar. Wa zai hau keke shi kaɗai ya ratsa dajin Faskari ko Sabuwa ko Dandume da asuba kamar yadda kakanmu ya yi? A watan Disamba na 2020 aka kwashe yara 'yan makaranta sama da 300 a Ƙanƙara. A 2021 sai da aka rufe wasu kasuwannin dabbobi, aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Na tuna lokacin, 'yar'uwata tana aure a ƙauye tana da tsohon ciki, mun yi kwanaki ba mu san halin da take ciki ba, har sai da wani dattijo ya shigo gari ya kawo saƙon ta sauka lafiya. A kan keke ya zo.

Wannan tsoro na hanya ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa, maƙwabtanmu ta gabas, wata Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a garin Giwa a kan hanyarmu ta Zariya, littafin ya fito a 1954. A ciki ta ba da labarin yadda mahara ke faɗa wa ƙauye kafin zuwan Turawa, su kama mata da yara a gona, dangi su yi ta haɗa kuɗin fansa. Da aka karanta mini wurin sai da tsigar jikina ta tashi, kamar jiya aka yi. Ashe ganuwar Maska da ta Gozaki ba don ado aka gina su ba. Ashe kuma shekarun nan da kakanmu ya yi yana yawo da akwatin ƙoli, ba ya tsoron komai sai ƙaya da kumurci, wata 'yar rahama ce aka ba su a tsakiya, su kansu ba su san tsadarta ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, keke ya dawo titunan Funtua. Malaman makaranta, ma'aikata, har da masu babur da suka jingine shi a zaure, kowa ya koma taka feda, masu faci kuma da suka yi shekaru suna gyangyaɗi a gindin bishiya yanzu ba su da lokacin cin abinci. Makon da ya wuce na je gida na tarar an sauko da keken kakanmu, ɗan yayana da ya shiga sakandare ne ya matsa sai an ba shi, domin kuɗin mota ya gagara. An kai shi wurin mai gyara, ya duba ya ce taya da sarƙa da sirdi duk sai an sauya, amma ƙarfen garau yake, ya ce irinsa ba a yi yanzu. Na ce wa yaron ya bar ƙararrawar yadda take kada a taɓa ta. Kakarmu tana daga cikin ɗaki, ido ya tafi amma kunne na nan, ta ɗaga murya ta ce a faɗa masa ya bi a hankali da tayar baya.